Tambayi Likita: Maganin Ya Buɗe Mini Ido, Amma Ya Kumbura Mini Fuska

Wasiƙu uku na zaɓa a wannan fitowa, duka a kan ciwo ɗaya, mayasteniya girabis, ciwon da ke sa tsoka saurin gajiya. Ba ciwo ne da ya yawaita ba, amma maganin da ake ba masu shi, firednisolon, yana cikin kowane kemis. Abin da zan faɗa a kansa ya shafi mai asma da mai ciwon ƙoda da mai amosanin gaɓɓai, da duk wanda aka ɗora a kansa na dogon lokaci.

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni matar aure ce, shekarata 29, yarana biyu, sana'ata ɗinki a cikin gida. Bara bayan Babbar Sallah fatar idona na hagu ta fara sauka. Da safe lafiya lau nake tashi, amma kafin la'asar ta rufe rabin idon. Sai na fara ganin abu ɗaya ya koma biyu, har zura zare a allura ya gagare ni. In na zauna yi wa 'yata kitso, ba na gama layi uku sai na sauke hannu na huta. Daga baya taunar nama ta fi ƙarfina, muryata ta koma ta hanci, in na sha ruwa wani lokaci ta hanci yake dawowa. A gida aka ce iska ce, aka yi ruƙiyya da hayaƙi, wasu suka ce shanyewar ɓarin jiki ce ke tafe. Daga ƙarshe a asibitin koyarwa aka ɗebi jinina, aka ce mayasteniya ce. Aka ba ni Mestinon, bayan wata guda aka ƙara firednisolon. Alhamdu lillahi idona ya buɗe, ina cin komai, na koma kan keke. To amma yau wata biyar ina shan miligiram 40 kullum. Kumatuna sun cika, na yi teɓa, ƙuraje sun feso mini, ba na samun barci, abu kaɗan sai in hau yara da faɗa. A gidan biki wata ta tambaye ni a gaban mutane ko sha-ka-fashe nake sha. Yayata ta ce maganin nan ƙoda yake kashewa, tunda na warke in ajiye shi. An kuma ce wai homon ne, zai hana ni haihuwa. Likita, don Allah, in daina?
Maman yara biyu, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki daina, ko na kwana ɗaya. Na fara da wannan ne don ko a nan kika tsaya da karatu, ki tafi da shi. Na san zafin abin: mace ta kalli madubi ta ga fuskar da ba tata ba, sannan a jefe ta da magana a tsakiyar taro. Kukanki yana kan hanya, kuma akwai abin da za a yi a kai. Amma yanke firednisolon rana ɗaya bayan wata biyar ana sha yana iya kwantar da mutum a asibiti cikin 'yan kwanaki, ta fuska biyu.

Ta farko ba ruwanta da ciwonki, kowa ma tana iya samunsa. Wanda ya ce miki homon ne ya yi gaskiya. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ba ta wuce girman babban yatsa ba, ana kiranta adirinal. Ita ke fitar da sinadarin kotisol, wanda ke hana jini faɗuwa, ya daidaita sukari, ya tsaya wa jiki in zazzaɓi ko rauni ko tiyata ta zo. Firednisolon ɗan'uwan kotisol ne da aka haɗa a masana'anta. Abin da jiki ke fitarwa da kansa a rana bai wuce kwatankwacin miligiram 5 zuwa 7 na firednisolon ba, ke kuwa kina shan 40. Da ƙwaƙwalwa ta ga jini cike da shi, sai ta daina aika wa adirinal umarnin ta yi nata. Kamar gidan da maƙwabta ke aiko wa da tuwo safe da dare har wata da watanni: murhu ya yi sanyi, babu itace, ba a surfa ba, ba a kai niƙa ba. Ranar da kwanon ya daina zuwa babu sanarwa, da yunwa za a kwana. Duk wanda ya sha maganin nan fiye da mako uku adirinal ɗinsa ta fara wannan hutu, kuma tashinta na ɗaukar watanni, wani lokaci har shekara. In aka yanke kai tsaye, sai kasala ta rufe mutum, ga amai da ciwon ciki da jiri, jini ya faɗi, ya suma. Ana mutuwa ta wannan hanya.

Ta biyu ita ce ciwon kansa. Abin da yayarki ta kira warkewa, dannewa ce. A inda jijiyar saƙo ta haɗu da tsoka akwai ɗan rata. Jijiya na feso wani sinadari mai suna asetilkolin, tsoka kuma tana da wuraren karɓarsa, in ya sauka sai ta motsa. A jikin mai mayasteniya, garkuwar jiki ce ta yi ɓatan kai, take ƙera makaman da ke toshe wuraren karɓar nan suna lalata su. Kusan kashi 85 cikin ɗari na waɗanda ciwon ya game musu jiki ana samun waɗannan makamai a jininsu, kuma shi ne gwajin da aka yi miki. Wuraren karɓar da suka rage suna isar tsokar da ta huta, amma ba sa isar wadda ta yi ta aiki. Shi ya sa kike tashi garau da safe, kafin la'asar ido ya sauka, shi ya sa layin kitso na farko ke tafiya, na uku ya tsaya. Shanyewar ɓarin jiki ba ta yin haka, lokaci ɗaya take zuwa, kuma hutun rabin sa'a ba ya ɗaga ta.

Mestinon bai taɓa garkuwar jiki ko kaɗan. Abin da yake yi shi ne hana asetilkolin saurin narkewa, don ya daɗe a ratar nan yana neman inda zai sauka, kuma bayan sa'a uku zuwa huɗu aikinsa ya ƙare. Asalin dangin wannan magani daga ƙasarmu yake. Akwai wani wake mai dafi a yankin Kalaba da mutanen Efik ke shayar da wanda ake zargi da maita a zamanin da. Daga cikinsa aka ciro sinadarin fisostigmin, kuma a 1934 wata likita mai suna Mary Walker ta yi wa wata mai mayasteniya allurarsa a wani asibiti a Landan. Fatar idon matar ta ɗago, ta iya haɗiya, bayan 'yan sa'o'i kuma komai ya koma yadda yake. Har yau iyakar abin da Mestinon ke iyawa ke nan. Wanda ya shiga ya rage ɓarnar garkuwar jikin shi ne firednisolon, kuma kusan mutum bakwai zuwa takwas cikin goma da aka ɗora a kansa suna samun sauƙi sosai, kamar yadda kika samu.

In kika ajiye shi, ɓarnar za ta dawo, kuma ba lallai ta tsaya a ido ba. Ke da ruwa ya taɓa dawo miki ta hanci, ciwonki ya riga ya san hanyar maƙogwaro, daga nan zuwa tsokar numfashi ba nisa. Kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na masu ciwon nan sukan shiga halin da sai an sa musu na'urar numfashi aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu. Ki riƙe waɗannan alamu, ki kuma koya wa maigidanki: in kika kasa kwanciya rigingine saboda numfashi, ko wuya ya kasa riƙe kai, ko miyau na shaƙe ki, ko kika ja numfashi ɗaya kika kasa ƙirgawa daga ɗaya zuwa ashirin, to a kama hanyar asibiti a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne.

Wata za ta ce, to in ya dawo ai sai in koma in sayi maganin in ci gaba. A nan ne mayasteniya ta bambanta da sauran cututtuka. A 1948 Philip Hench ya fara ba mai amosanin gaɓɓai kotison, ɗan'uwan firednisolon, a asibitin Mayo da ke Amurka, aka ga abin mamaki, har shi da wasu masana biyu suka karɓi kyautar Nobel a 1950. Likitoci suka yi ta gwada shi a kan kowane ciwo, shi da allurar ACTH, wato homon ɗin da ƙwaƙwalwa ke aika wa adirinal. Da aka gwada a kan masu mayasteniya, sai aka ga da yawansu suna ƙara rauni a kwanakin farko kafin sauƙi ya zo, wasu numfashinsu ya tsaya. Tsoro ya sa aka ja baya shekaru masu yawa. Sai da na'urar numfashi ta samu, aka kuma gane cewa raunin na farko wucewa yake yi, sannan a shekarun 1970 maganin ya samu gindin zama. Wannan rauni bai tafi ko'ina ba. Yakan zo a mako na farko ko na biyu in aka fara da kaso mai yawa, shi ya sa muke farawa da miligiram 5 ko 10 mu riƙa hawa a hankali, ko kuma mu kwantar da mutum a gabanmu in dole ne a fara da yawa. Wadda ta daina, ciwo ya taso, ta aiki yaro kemis ta kwankwaɗi ƙwaya takwas a ɗakinta, ta haɗa haɗari biyu wuri ɗaya.

Yanzu ga inda nake tare da ke. A ra'ayina, wadda idonta ya buɗe, take cin nama, ta koma kan keke, lokacin fara sauka daga miligiram 40 ya yi. Ba a ɗora mutum a kan wannan kaso don ya zauna a kai. Kada ki jira ranar da aka rubuta miki a kati, ki koma wurin likitanki cikin makon nan, ki faɗa masa duk abin da kika rubuto mini, har da maganar gidan biki, har da cewa kin yi niyyar ajiyewa. Mu likitoci mun fi lura da fatar ido da ƙarfin hannu, in majinyaciya ba ta buɗe baki ta ce fuskata ta dame ni ba, sai a rubuta mata a ci gaba da magani a kira na gaba. Yadda aka saba sauka shi ne a rage miligiram 5 duk bayan mako biyu zuwa huɗu, in an kusa 20 a ƙara rage gudu, in an zo ƙasa da 10 a riƙa cire ɗaya ko biyu da rabi. Burin shi ne a tsaya a kan mafi ƙarancin da zai riƙe ki, ga mutane da yawa miligiram 5 zuwa 7 da rabi, wasu kuma a rabu da shi baki ɗaya. Na faɗa miki lissafin ne don ki san abin da za ki tarar, amma hannun likitanki ne zai yi shi, don shi zai gwada ƙarfinki a kowane mataki.

Ki tambaye shi abu biyu. Na farko azatiyofirin, maganin da ke lallaɓa garkuwar jiki ba tare da kumbura fuska ba. A binciken da likitocin Birtaniya suka buga a 1998, fiye da rabin waɗanda aka haɗa musu shi sun rabu da firednisolon bayan shekara uku. Matsalarsa jinkiri: sai ya yi wata shida zuwa shekara kafin a ga aikinsa, shi ya sa gara a fara shi da wuri, kuma yana buƙatar gwajin jini da na hanta a kai a kai, musamman a watannin farko. Mutane da yawa sukan watsar da shi a wata na uku su ce ba ya komai, alhali bai ma fara ba. Akwai metotireksit, wanda likitocin Kef Tawun a Afirka ta Kudu suka gwada a 2011 saboda araharsa, akwai kuma maikofenolet, amma duka biyun suna illata ɗan tayi, don haka ba naki ba ne in kina son ƙara haihuwa. Sababbin alluran da aka amince da su a Amurka a 2017 da 2021 kuwa, kuɗinsu ya fi ƙarfin kusan kowa a nan.

Na biyu, an ɗauki hoton ƙirjinki da siti sikan? A bayan ƙashin ƙirji akwai wata halitta mai suna taimos, inda garkuwar jiki ke koyon bambanta na gida da baƙo, kuma a nan ne sau da yawa ɓatan kan ke farawa. Kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na masu mayasteniya ana samun ƙari a cikinta, wannan cire shi wajibi ne. Ko babu ƙari, wani bincike da aka buga a 2016 a kan mutum 126 ya nuna cewa waɗanda aka cire musu taimos sun fi ƙarfi bayan shekara uku, sun rage kwanciya asibiti, kuma abin da suke sha na irin maganinki ya ragu fiye da na waɗanda ba a cire musu ba. Shekarunki, da irin sakamakon jininki, da sabuntar ciwon, duk sun yi daidai da na mutanen da aka yi binciken a kansu. Tiyatar ƙirji ce, ba a yin ta sai jiki ya daidaita, kuma amfaninta a hankali yake fitowa, amma ya kamata a tattauna da ke.

Kumatun nan za su sauka. Maganin ne ke kwashe kitse ya tara a fuska da wuya da ciki, ya riƙe gishiri da ruwa, ya kuma buɗe ciki da yunwar da ba ta jin ƙoshi. In kaso ya zo ƙasa da miligiram 10, cikin 'yan watanni za ki fara ganin fuskarki. Nankarwa in ta fito takan dushe, ko da ba ta ɓace duka ba. Kafin nan, ki riƙa shan maganin sau ɗaya da safe bayan kari, hakan na rage rashin barci. Ki rage gishiri da dunƙule a miya, ki bar lemon kwalba, ki rage sukari a koko da shayi da fura. In yunwar ta taso ki tare ta da wake ko ƙwai ko kwaɗon zogale, ba da biredi da taliya ba. Nono da kifi suna taimakon ƙashi, don maganin na rage masa ƙwari, kuma ya kamata a haɗa miki ƙwayar kalsiyam da bitamin D, balle ga mu da rana ba ta cika taɓa fatarmu ba.

Maganar ƙoda: firednisolon ba ya cin ƙoda da kansa, har ma da shi ake maganin wasu cututtukanta. Abin da ke cin ta shi ne hawan jini da ciwon suga da maganin kan tayar in ba a sa ido ba. Don haka a riƙa auna miki su duk wata, a duba idonki saboda yanar ido da hawan jinin ido. Kada ki haɗa shi da maganin ciwon jiki irin su daikulofenak da aibufurofen, gyambon ciki suke jawowa, farasitamol ya ishe ki. Tarin da ya wuce mako biyu, ko zufar dare, ko ciwon ƙugu da ke hana taka ƙafa, kada ki zauna da su. In ba a taɓa gwada ki ciwon hanta nau'in B ba, ki nemi a yi, don maganin na iya tayar da shi daga barci. Ranar da amai ya hana ƙwayar zama a cikinki, ki je a yi miki allurar haidirokotison a madadinta.

Wadda ta yi miki tambayar sha-ka-fashe ba ta kyauta ba, amma idonta bai yi ƙarya ba. Yawancin ƙwayoyin ƙiba da ake sayar wa 'yan mata deksametazon ne, ɗan gida ɗaya da maganinki, kuma ya ninka shi ƙarfi kusan sau bakwai. Duk illar da na lissafa miki tana jiran yarinyar da ke shan sa don kumatun biki, ita kuma babu mai auna mata jini, babu wanda ya gaya mata haɗarin dainawa rana ɗaya. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Haihuwa kuwa, ki kwantar da hankalinki. Homon iri-iri ne, wannan ba irin na tazarar haihuwa ba ne, ba ya rufe mahaifa. Kaso mai yawa na iya rikita al'ada, ta daidaita in an rage. Mata da yawa sukan ji raunin ya ɗan ƙaru gab da al'ada, wannan daga ciwon ne. Shawarata ki ɗan jinkirta ciki har a sauko da maganin jiki ya zauna, don shekara biyun farko su ne ciwon ya fi tashin hankali.

Tambaya: Likita, mahaifina shekararsa 63, yana da mayasteniya, yana shan Mestinon da firednisolon miligiram 10, kuma ya daɗe lafiya. Watan jiya zazzaɓi ya kama shi, aka kai shi kemis, aka yi masa allurar jentamaisin aka ba shi sifro. Washegari ko ruwa ya kasa haɗiya, sai da aka sa masa na'urar numfashi. Yanzu an sallamo shi. Waɗanne magunguna ne za mu guje wa? Kuma ya dage sai ya yi azumin bana.
Ɗalibi daga Maraɗi

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, kai kuma ya yi maka albarka. Magunguna biyun da ka ambata duka suna cikin waɗanda ke dagula saƙo tsakanin jijiya da tsoka. Jentamaisin da danginsa irin su sitireftomaisin, sifro da 'yan'uwansa irin su lebofuloksasin da ofuloksasin, sai azitiromaisin da eritiromaisin. A Amurka tun 2011 aka tilasta buga gargaɗi a kwalin dangin sifro saboda masu mayasteniya. A ɓangaren zazzaɓin cizon sauro, kwinin da kulorokwin ne abin gudu. Furofanolol na hawan jini, da ɗigon ido na timolol, da allurar magniziyam, su ma a kiyaye. In za a yi masa tiyata, ko ta gwaiwa ce, mai ba da maganin barci ya sani tun kafin ranar.

Amma kada wannan ya sa ku bar zazzaɓi babu magani. Cutar da ta kawo zazzaɓin ita kanta ce ta fi kowane abu tayar da mayasteniya, kuma mai shan firednisolon cuta na saurin kama shi, ba kuma lallai jikinsa ya yi zafi sosai ba. A gwada jini, in na sauro ne a ba shi Coartem ko makamancinsa, in kuma na ƙwayar cuta ne akwai amoksisilin da seftirayazon da ba su cika kawo matsala ba. Wani lokaci likita kan ga babu makawa sai ɗaya daga cikin waɗancan, to wannan a gadon asibiti ake yi, ana kallon numfashi. Ka samu kati mai kauri ka rubuta sunan ciwon, da magungunan da yake sha, da waɗanda aka hana, da lambar wayarka, a liƙe shi da leda ya zauna a aljihun rigarsa. Mai kemis ba zai sani ba in ba a nuna masa ba.

Zafin bazara na ƙara raunin, don haka ya rage fita da tsakar rana, ya yi hidimarsa da sassafe. Ya sha Mestinon rabin sa'a kafin cin abinci don tauna da haɗiya su yi sauƙi, kuma a bar ƙwayar a kwalbarta a rufe, tana jan danshi ta lalace. In ya ji rauni kada ya ƙara wa kansa adadi, yawansa na kawo murɗar ciki da gudawa da dalalar miyau, har ya ƙara raunin da ake gudu.

Azumi kuwa, akwai masu mayasteniya da jikinsu ya daɗe a daidai, suna yi da sanin likita, a mayar da firednisolon lokacin sahur. Baba ba ya cikinsu a bana. Wanda bai daɗe da sauka daga na'urar numfashi ba, ga magani mai ƙarewa bayan sa'a huɗu, ga yini na sa'a goma sha uku ko fiye, ban yarda ya ɗauka ba. Allah da kansa ya yi wa marar lafiya rangwame. Ku je tare wurin malamin da yake girmamawa ya yi masa bayanin ramuwa ko ciyarwa, ya fi jin ta daga bakinsa.

Tambaya: Likita, ina da cikin wata huɗu. Ina shan firednisolon miligiram 7 da rabi da azatiyofirin da Mestinon saboda mayasteniya. Surukata ta ce in bar su duka kada yaro ya fito da naƙasa. Kuma zai gaji ciwon?
Amarya daga Gusau

Amsa: 'Yata, Allah ya raba lafiya. Ki gode wa surukarki da kulawarta, ki kuma ci gaba da shan maganinki. Mabiyiya na kashe ƙarfin yawancin firednisolon kafin ya isa ga yaro, Mestinon an daɗe ana ba masu ciki, azatiyofirin ma likitoci sun yarda a ci gaba da shi ga wadda ciki ya same ta a kansa. Abin da ya fi zama haɗari ga yaron shi ne uwar da numfashinta ya gaza. Ki riƙe awo da kyau, a gwada miki suga da hawan jini.

A asibitin da ke da likitan yara za ki haihu, ba a gida ba. Ciwon ba ya taɓa naƙuda, don tsokar mahaifa daban take, amma yunƙurin ƙarshe na iya gajiyar da ke har a taimaka miki. Za a yi miki allurar haidirokotison lokacin naƙuda saboda adirinal. Abin da nake so ki haddace, mijinki da mai rakiyarki su ma su haddace, shi ne allurar magniziyam salfet. Ita ake yi wa mai jijjigar ciki, tana ceton mata da yawa a ƙasar nan, amma ga mai mayasteniya tana iya tsayar da numfashi. A rubuta sunan ciwonki da jan biro a saman katin awonki.

Yaro ba ya gadon ciwon yadda ake gadon sikila. Sai dai jariri ɗaya ko biyu cikin goma kan fito da rauni na ɗan lokaci, saboda makaman garkuwar uwa sun tsallaka masa ta jini. Yakan bayyana a kwana uku na farko: kuka marar ƙarfi, kasa kama nono, jiki saɓal. Yana wucewa cikin 'yan makonni, amma dole a riƙe ku a asibiti na waɗannan kwanaki ana duba shi, kada ki matsa a sallame ki washegari. Shayarwa babu laifi da magungunan nan uku.

Makonnin jego su ne lokacin da ciwon ya fi tasowa, saboda gajiya da rashin barci da juyin homon. Tun yanzu ki zauna da surukarki da mahaifiyarki a kan wankan jego. Tafasasshen ruwa da ganye na ƙara wa mai mayasteniya rauni nan take, na ɗumi za a yi miki, kuma kada a kwantar da ke a gadon wuta. Kunun kanwa ma ki bar shi, gishirin da ke cikinsa in ya haɗu da firednisolon yana tayar da jini ya kumbura jiki. A samo wadda za ta kwana da ke ta riƙa ɗaukar yaron da dare tana miƙo miki shi, kuma likitanki ya gan ki kafin a yi suna, ba sai an yi arba'in ba.